Rabin San Orest

Duk wanda ya ce muku Verna Pasloski mai daɗin zama ce, to bai zauna da ita ba. Ni na zauna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a ƙauyenmu na lardin Saskatchewan, kuma ni nake ɗaukar mata jakar sandunan golf idan za ta gasa. Baki gare ta kamar reza. Amma Allah na gani, ban taɓa ganin mai buga golf kamarta ba.

Filinmu ma ba filin a zo a gani ba ne. Bakin ramukan babu ciyawa, sai yashi da aka zuba wa baƙin mai don kada iska ta kwashe. A nan ta koya. Da rana tana sayar da ƙusa da fenti a shagon kayan gini, da yamma tana fili har sauro ya koro ta. Idan ƙanƙara ta rufe gari kuwa, sai ta rataya tsohon bargo a rumbun Orest Bilyk, wani manomi a bayan gari, ta yi ta narka masa ƙwallo har yatsunta su sandare.

Da wannan ta riƙa zuwa birni tana kwashe kofuna a hannun 'ya'yan likitoci da lauyoyi. Kofunan ba su dame ta ba, a cikin ɗaya ma take zuba maɓallai. Burinta ɗaya ne a duniya: ta sa rigar 'yan wasan ƙasa, ta hau jirgi ta je ta buga a ƙetare. Sai da ta doshi arba'in sannan aka zaɓe ta. Sharaɗin kuwa sananne ne, masu buga wa ƙasa don sha'awa suke yi, ba su karɓar lada kan wasan, ko na koyarwa.

A sanyin shekarar nan matar Orest da ƙawayenta suka riƙa leƙowa rumbu, ita kuma tana gyara musu riƙon sanda, tana yi tana zaginsu. Da Orest ya yanka sansa, sai ga shi da rabi a bayan mota.

Ta ce, "Orest, mayar da naman nan."

"In mayar ina? Kin taɓa ganin nama ya koma jikin sa?"

"So kake ka ja mini magana."

"Ke kuma so kike gari ya ce Bilyk ya ci gumin mace ya goge baki? Da, matata da ludayi take jifata ta kuskure. Yanzu ba ta kuskure. Ai kin yi aiki!"

A wajenmu ba a mayar wa maƙwabci nama, zagi ne. Ta karɓa, ta rarraba wa unguwa. Ni ma na ci, da kabeji.

Ba maƙiyi ne ya kai ƙararta ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Da ɗan jarida ya zo ɗaukar hotonta, Orest ya bugi ƙirji ya ce, "Rubuta! Ita ta koya wa matanmu, kuma ba mu ci bulus ba, rabin sa muka ba ta!"

Ba a jima ba sai ga Mista Ainsworth daga kwamitin wasan, da hularsa a gwiwa, ya ƙi ko taɓa shayin da na zuba masa.

Ya ce, "Malama Pasloski, an biya ki."

"Nama ne, ranka ya daɗe."

"Nama ma lada ne."

"To 'yan matan da iyayensu ke ɗaukar musu malami, su biya musu otal fa?"

"Wannan taimakon gida ne."

"Oho! Laifina dai ubana ba shi da shi."

Aka dakatar da ita shekara biyu. Jirgi ya tashi da wata yarinya wadda ba ta taɓa cin Verna a wasa ba ko a mafarki. Kafin wa'adin ya cika, mahaifiyarta ta kwanta ciwo, kafaɗarta ita ma ta fara ba ta wahala, kuma an samu sababbin jini. Ba a sake kiranta ba. Orest kuwa kunya ta hana shi taka shagon har ya mutu, ko ƙusa yake so matarsa yake aikowa. Verna ba ta taɓa ce masa uffan ba, ni dai a ganina da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Bara, bayan ta tsufa har tana dogara sanda, jikokin waɗancan mutanen suka tuna da ita. Wai za su karrama ta. Na raka ta birni, aka yi ta jawabi kan gwarzuwar ƙauye, aka yafa mata rigar 'yan ƙasa a kafaɗa, rigar da ta nema lokacin da take da kafaɗar. Haushi kamar ya kashe ni. Sannan aka kawo abinci, gasasshen naman sa.

Ta dubi farantin, ta dubi shugaban kwamitin da ke gefenta.

"Yaro, naman nan kyauta ne?"

Ya yi murmushi. "Kyauta ne mana, Baba, don ke aka yi."

Ta tura farantin gabansa, ta riƙe wuyan rigar da hannu biyu.

"To ɗauke shi. Kada ku sake ƙwacewa."