Ƙanƙarar da Ta Narke a Zurgu

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, aka bugo mini waya cewa Bara'atu Salahuddeen ta Fassi, mai gwajin jini, ta rasu bayan gajeriyar jinya.

Bara'atu, shekara biyu ina ɗaukar miki kular jini a motata daga Kibiya zuwa Kano. Kin ce akwai wani sinadari a jinin yara, homosistin, sunan da sai na gyara zama kafin in faɗe shi, wanda in ya yi yawa yakan taɓa ido da jijiyoyi. Hanyar auna shi biyu kike gwadawa, tsohuwa mai nawa da sabuwa mai sauri. Jinin kowane yaro kikan raba biyu, ki ga ko sabuwar gaskiya take faɗa. Sharaɗi ɗaya kika kafa mini: kada ƙanƙara ta narke, don in jini ya ɗumama adadin hawa yake yi.

Wata rana da bazara, ina ɗauke da jinin yaran garin Tarai, na iske jana'iza a Zurgu. Na kasa wucewa. Aka yi salla, aka kai, aka gaisa, kular tana cikin rana. A Rano na sayi sabuwar ƙanƙara wajen mai zoɓo na zuba.

Bayan kwana biyu kika ce, "Baba Hammadu, yara talatin, duk na'urorin biyu sun ce ba lafiya? Ko kun tsaya a hanya?"

Na ce, "Ni? Ko ruwa ban tsaya sha ba."

Kika dube ni. Kika soke sakamakon, kika bi gidajen Tarai ɗaya bayan ɗaya kina roƙon a sake ɗibar jinin. Wasu iyaye suka ce sayar da shi kike yi, har aka hana ki shiga. Kika ce kuskuren aiki ne. Sunana bai fito daga bakinki ba.

Kullum ina cewa gobe zan gaya miki. To mutanen Tarai, ku ji: ba ta sayar da ɗigon jinin ɗan kowa ba. Ni ne na ɓata shi, na kuma yi ƙarya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanki Malam Tajuddeen, da mahaifiyarki Hajiya Asibi, da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah Ya sa ta yafe mini tun ban nema ba.