Hannun Inna Nas

In ka ga ƙaton namiji mai gemu da mota ya hango wata gajeriyar tsohuwa tafe da jakar hannu, nan take ya tuna yana da uzuri a ɗaya gefen titi, to Inna Nas ce tafe. Ba masifa gare ta ba. Laifinta ɗaya ne: ita ta yi wa kusan duk mazan unguwar kaciya, kuma Allah bai yi ta da mantuwa ba.

Ta fara aiki a ƙaramin asibitin unguwa tun tana budurwa, aikinta allura da wankin ciwo. Da likitan da ke yi wa yara kaciya ya sami canjin wurin aiki, mazan asibitin kowa ya ce shi bai iya jure kukan jarirai ba. Ita da ta daɗe tana riƙe wa likita ƙafafun yara sai aka tura ta horo, ta dawo ta gaji ɗakin: gadon ƙarfe mai shimfiɗar roba, tukunyar tafasa kayan aiki, da taga ɗaya da ba ta rufuwa. A ɗakin nan ta yi furfura. Iyaye mata suka yi ta yayata cewa hannunta ba nauyi, yaro kan warke kafin uwarsa ta gama tausayinsa, har daga wasu unguwanni ake zuwa.

Matsalar ita ce bakinta ba birki. Ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar titi ya taɓa tsayar da motar haya tana ciki, ta leƙo ta taga ta ce, “Kai ne? Kai da ka yi min fitsari a gilashi?” Tun daga ranar, duk motar da take ciki wucewa take. Ba don cin fuska take yi ba. A wurinta duk 'ya'yanta ne, mamaki kawai take yi da suka yi tsawo ba su nemi izininta ba.

Da ta yi ritaya ta buɗe ɗan kemis a ƙofar gida. Maigida ya riga mu gidan gaskiya, manyan 'ya'ya sun watse gidajensu, saura Auta, wadda aka sa wa rana da Dogo mai gyaran waya. Inna Nas na son yaron nan. Shi ma ta hannunta ya bi, shi ya sa in ya zo gaisuwa tun daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa kamar ya yar da allura. Biki ya matso, kayan ɗinki ma suna wurin tela.

Wata safiya tana jera kwalaben magani wani saurayi baƙon fuska ya tsaya a gaban kanta. Ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya sake tambayar gajiya.

“Ɗan nan, gajiya ta bi lafiya tun ɗazu,” in ji ta. “Me ke tafe da kai?”

“Inna, aiki nake so a yi.”

“Allura?”

“A'a. Wancan aikin.”

“Ai na aje. Ku kai yaron asibiti.”

“Ba yaro ba ne. Ni ne.”

Ta sauke gilashi kan hanci, ta sassauta murya. “Ba a yi maka ba? Ba abin kunya ba ne, ana yi wa manya. Bari in faɗa maka inda za ka.”

“An yi min, Inna. Amma can a garinmu ne, ba ke ba ce. So nake ki sake.”

“In sake me? Kai, abin da aka cire ɗin nan farce ne da zai tsiro?”

Saurayin ya waiwaya hagu da dama, sannan ya yi bayani cikin raɗa. Bai daɗe da tarewa a unguwar ba, amma ya ji samari duk sun san magana ɗaya: wanda Inna Nas ta yi wa, cutar ƙanjamau ba ta kama shi. Ba ruwansa da gwajin jini, ba ruwansa da kwaroron roba. Shi ne ya ga bai kamata a bar shi a baya ba.

Inna Nas ta yi dariya har sai da ta dafa kanta. A faɗi gaskiya, abin ya ɗan yi mata daɗi a rai. Wa zai ƙi a ce hannunsa ya fi magani?

“Wane mai hikimar ne ya karantar da kai?” ta tambaya tana share hawayen dariya.

“Dogo mai gyaran waya. Ya ce shi ya sa shi hankalinsa kwance yake, tun da ya girma bai taɓa damuwa da komai ba.”

Dariyar ta yanke nan take. A cikin gida tana jiyo Auta na wanke-wanke tana 'yar waƙarta.

Ta zaunar da baƙon a benci ta yi masa magana dalla-dalla. Kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗaukar cutar daga mace, wajen kashi sittin cikin ɗari, amma ba ta hanawa. Tata da ta garinsu duk ɗaya ne. Kuma namijin da ya riga ya ɗauka, kaciyarsa ba ta kare matarsa. Ya tafi yana sosa ƙeya, da alama ya fi son tsohon labarin.

Ta san daga ina maganar ta fito. Shekara da shekaru tana faɗa wa iyaye mata a layin asibiti cewa aikin na rage haɗari. Su suka kai gida, 'ya'ya suka kai majalisa, kowane baki ya ɗan gyara, har aka wayi gari ita ce rigakafin. Ta rufe kemis ta ɗauki jaka.

Shagon Dogo siriri ne, cike da wayoyin caji da fasassun gilasai da warin dalma, a gabansa kuma benci biyu inda samari ke kashe rana. Suna hango ta aka fara neman hanyar gudu, ta ɗaga hannu ta ce kowa ya zauna, ba wanda ba ta taɓa gani ba a cikinsu. Aka zauna tsuru-tsuru. Dogo ya durƙusa a bayan teburinsa, ya ƙura wa wata buɗaɗɗiyar waya ido kamar ita ce za ta cece shi.

Ta maimaita musu abin da ta faɗa wa baƙon, ba ta tauna ba. Ta ambaci gwaji, ta ambaci kwaroron roba da sunansa, ta ambaci kame kai. Wani ya rufe fuska da hula. Da ta gama, Dogo ya yi gyaran murya, ya yi magana da wayar da ke gabansa.

“Inna, Allah ya huci zuciyarki. Mun san tawali'u ne ya sa kike faɗin haka. Amma tun da muke, ba mu taɓa jin ko mutum ɗaya da kika yi wa ya kamu ba.”

“Wanda ya kamu shela zai yi muku?”

“To ko ɗaya ne ki faɗa mana, Inna,” in ji wani daga bayan benci. “Sai mu yarda.”

Ta san su kuwa, da sunayensu da na iyayensu. Ɗaya ma yana zaune a ƙarshen benci da tef ɗin awo a wuya: Tela, aminin Dogo, wanda ke ɗinka kayan bikin Auta. Kafin ta aje aiki ita da kanta take miƙa masa maganinsa duk wata ta ƙofar baya. Ga shi nan ya fi kowa ƙiba a wurin, ba mai zargin komai. Ta kalli rufin shago, ta kalli titi, ta kalli takalminta. Ko'ina ta kalla ban da ƙarshen bencin.

“Ba na faɗin sunan kowa,” ta ce.

Samari suka yi murmushin ladabi, irin na wanda ya ci gardama da babba. Ta koma gida ranta a ɓace. Tun da take ba a taɓa kayar da ita da yabo ba sai ranar.

Ta samu Auta a tsakar gida ta yanke hukunci: ba gwaji, ba aure. Su biyun za su yi, shi da ita.

“Inna, kin je kin kunyata shi a gaban abokansa, yanzu kuma gwaji? Ai cewa zai yi kina zarginsa.”

“Ya ce mana,” in ji Inna Nas.

Ya kuwa ce. Ya aiko da saƙo cewa shi ba ɗan iska ba ne da za a bincike jininsa, kuma in Inna ba ta yarda da aikin hannunta ba, shi ya yarda. Ya daina zuwa zance. Auta ta daina waƙa, ta koma “to” da “a'a”, in ta aje wa uwarta abinci sai ta wuce ɗaki ta ja ƙofa. Wannan ya ci wa Inna Nas rai fiye da yadda take nunawa, don Auta ce abokiyar hirarta tun rasuwar maigida. Kuma ta san suna ɗaya tak zai kashe rigimar. Sau da yawa sunan ya zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye shi da ruwa.

Ana cikin haka, wani hantsi Tela ya shigo kemis da ƙullin kaya a hammata. Ya aje a kan kanta, ya ce ya kawo ne a gwada tsawon riga. Ya tsaya yana wasa da tef ɗinsa.

“Inna, ran nan na ga ba ki kalle ni ba.”

“Me zan kalla? Tumbi?”

Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. “Na faɗa wa Dogo jiya. Na nuna masa kwalbar maganin. Sai ya ce ai mako ɗaya aka kai mu wurinki, ni da shi.”

“Wa ya sa ka?”

“Ina ɗinka rigar Auta ne, na kasa ci gaba. Yana waje, Inna. Ya ce ki raka shi, shi kaɗai ba zai iya ba.”

Ta so ta yi wa Tela godiya, ta rasa kalmar da ta kai. Sai ta ja kunnensa ta ce ya rage cin mai.

Suka tafi asibitin, ita a gaba, Dogo a baya kamar an kama shi da laifi a makaranta. Ma'aikata na ta “sannu da zuwa, Inna”, ita kuwa tana nuna musu inda ba a share ba. Ta miƙa shi ɗakin gwaji, ta zauna a bencin baranda tana koya wa wata mai jego yadda ake riƙe kan jariri. Tana surutu, idonta na kan ƙofar ɗakin gwajin.

Da ya fito bai durƙusa daga nesa ba. Ya zo har gabanta ya zauna a ƙasa dirshan, doguwar ƙafarsa ta tare hanya.

“Inna,” ya ce. “Ni ma ina da ita.”

Ta dafa kansa. Ta faɗa masa abin da ta faɗa wa mutane da yawa a barandar nan: akwai magani, in ya riƙe shi kullum zai rayu ya tsufa, cutar za ta kwanta har ya zamana ba ya ba wa kowa. Ga Tela nan shaida. Muryarta ta aiki ce, ba ta rawa.

“Auta fa?”

“Daga bakinka za ta ji, ina zaune a wurin. Abin da ta zaɓa bayan ta sani, nata ne. Ba zan tura ta ba, ba zan hana ta ba.”

Ya gyaɗa kai. Saura tambaya ɗaya, wadda suruka ba ta yi wa surukinta. Inna Nas ta jira mai jegon ta tashi, ta sunkuyo daidai kunnensa.

“Yanzu ba uwar Auta ke tambayarka ba, ma'aikaciya ce. Akwai dalilin da zai sa in kawo ta ɗakin nan yau ɗin nan? Kada ka ji kunyata. Kunya ta ƙare.”

Karon farko a rayuwarsa ya ɗago ya dubi tsakiyar idonta.

“Wallahi babu, Inna. Ko hannunta ban taɓa riƙewa ba.”

Ta ce, “To.” Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka a gaban ma'aikatan da ta horar. Ita kanta ba ta san nawa ne na murnar 'yarta ba, nawa ne na yaron da ke zaune a ƙasa riƙe da jakarta.