Wa Ya Bari Ya Karɓi Masu Gaisuwa?

Muna tsakiyar kallon fim a gidana a Kafanchan, sai Mama ta ce in tsayar. Jarumin ɗan ofis ne a hukumar leƙen asiri, ko bindiga bai iya riƙewa ba. An kashe matarsa, washegari ya bazama neman fansa.

Mama ta ce mini, "Bulus, to wa ya bari ya karɓi masu gaisuwa?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Nan na tuna lokacin da aka kashe Baba a gonar citta, zuciyata tana tafasa. Kwana bakwai Mama ta dasa ni a bencin makoki, ko ƙofa ban leƙa ba.

Jama'a, kaina ya ɗaure. Al'ada ta bi, ko gadina take yi?