Mai Zaɓa wa Kaka Firmin Ƙwai

Kakana Firmin Giraudeau bai taɓa zama nesa da fadamar garin Marans ba. Gyaran magudanan ruwa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, amma da kaji aka san gidansa: baƙaƙe masu wuya kamar tagulla, ƙwansu ja ne mai duhu, har baƙo kan ɗauka rina shi aka yi.

Aikin matarsa ne, Kaka Léontine. Duk bazara takan jera ƙwai a bakin taga, ta ware mafi duhu a sa wa kaza kwanci, don in aka yi sakaci launin yakan kwashe daga tsatson. Takan kuma huda guda ɗaya ta busa cikinsa waje, ta rubuta shekara a ɓawon, ta ajiye a durowa inda haske ba ya kaiwa.

Da ta rasu, shi ya karɓi zaɓen, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Babana yana birnin La Rochelle, gwaggona ta yi nisa. Waya muke buga wa Kaka, ya ce lafiya lau.

Shekara huɗu bayan haka, hutu ya kai ni gidansa. Na buɗe durowar. Ɓawo talatin da ɗaya nata, duhu kamar gasasshen kofi. Huɗu nasa, kowane ya fi na baya haske. Na ƙarshen ba shi da maraba da ƙwan kanti.

Na same shi yana yanka burodi, na ce, "Kaka, ƙwan nan fa ya koɗe."

"'Yar birni, yaushe kika san kaza, in ba a faranti ba?"

"Wallahi ya koɗe."

Ya ci gaba da yanka burodi. Can ya ce, "Na yi zargi. Da kaji nake hira, su kuwa ba sa faɗin laifinsu. Wa zan tambaya?"

Kaza ɗaya ta rage daga ƙyanƙyasar Léontine, tsohuwa, sai ta ga dama take yin ƙwai. Nata ne kaɗai bai canza ba. Muka keɓe ta da zakara. Kullum da safe in ɗauko, ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Yaya?" In ce, "Duhu." Kwana goma sha biyu, ƙwai biyar.

Ranar tafiyata ya miƙo mini fensir. Ba mu huda ko ɗaya ba, ba su da yawan da za a yi asarar guda. A ƙasan durowar na rubuta shekarar.

Ya sa wa kaza kwanci, uku suka ƙyanƙyashe, biyu mata. Ya bugo waya a watan Oktoba, ɗaya ta fara ƙwai.

"Yana hannuna da ɗuminsa," ya ce. "Na ajiye miki a durowa. Yaushe za ki zo ki gaya mini?"