Takardar da Na Ce Ba a Karanta Mini Ba

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Salisu. Duk shekara sai in yi masa sadakar ƙosai in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni.

Salisu ne na farko a gidanmu da ya haɗa allo da boko. Wani lauya a bakin teku ya ɗauke shi yana koya masa aiki, ya yi alkawarin in ya nuna ƙwazo zai tura shi ƙetare ya dawo cikakken lauya. A zamanin ba a barin lauya ya tsaya a kotun Kumasi, sai dai a shigar da takarda. Shi ne lauyan ya turo shi gida Kumasi ya haɗa takardun ƙararsa ta farko.

Ƙarar Inna Ramatu ce, wata mai koko a unguwar Akwatialine da mijinta ya rasu. Attajirin da nake ɗaure wa huhun goro ya turo katangarsa ya cinye mata wurin murhu. A gabana aka tsige turakun iyaka da rana tsaka. Salisu ya rubuta shaidata da Turanci, ya karanta mini da Hausa har sau biyu, a hankali kamar mai biya wa ɗalibi karatu.

"Bala, haka ka gani?"

"Haka na gani, Yaya."

Na dangwala yatsa.

Kafin ranar zama dattawa suka kira ni, suka ce kai ɗan'uwa Musulmi gaban Bature abin kunya ne ga unguwarmu ta Zongo duka. Maigidana attajirin kuwa sai kawai ya tambaye ni ko ɗakin da ya ba ni yana yoyo. Na gane.

Da Baturen shari'a ya tambaya ta bakin tafinta ko yatsana ne, na ce nawa ne, amma ba a karanta mini ba. Salisu bai ko waiwayo ba, ya ci gaba da daidaita takardunsa. Inna Ramatu ta rasa murhunta. Lauyan ya aiko cewa ba ya riƙe mai sa jahilai dangwale a makance. Yayana ya ƙare a gindin mangwaro yana rubuta wa mutane wasiƙa, har tari ya ɗauke shi.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Shi ya karɓa mini aure, shi ya raɗa wa ɗana suna. Kunyar wannan ta fi ta kotu ci na.

Yau 'ya'yan Zongo suna shiga kotun nan da baƙar riga da farin gashi a ka. Na san Salisu, da sai ya yi musu tsiyar gumin da suke sha a ciki, sannan ya tambaya ko suna karanta wa mutane abin da za su sa wa hannu. A unguwarmu har yanzu in an kawo takarda za ka ji tsohuwa ta ce, "Yi mini irin na Salisu, karanta sau biyu." Ba ta san wanda ya ƙaryata shi yana zaune kusa da ita a kan buzu ba.

Har yau ban iya boko ba. Malamin jarida ne ya rubuta wannan daga bakina, na sa ya karanta mini sau biyu. Salisu ya karanta mini, ƙarya na yi. Na dangwala.