Sarkin Ɓeraye da Ƙwayar da Ke Narkewa

Sarkin Ɓeraye ake ce masa, bai kuma taɓa jin haushi ba. Aikinsa kiwon fararen ɓeraye a ɗakin binciken ciwon daji: ya sauya musu shimfiɗa, ya cika kwalaben ruwa, ya riƙe su idan likitar ɗakin za ta yi aiki. A gabansa ake dasa musu ƙari a ƙarƙashin fata. Idan ya kumbura, sai a tsaga kaɗan, a cusa wata ƙwaya siririya kusa da shi. Ƙwayar takan narke a hankali, tana sakin magani a wurin kaɗai, ba sai an sake tsagawa an ciro ta ba. Da yatsunsa yake jin ƙarin yana motsewa.

Da ƙari ya fito masa a gefen wuya, asibiti suka ce a yi aiki tun da wuri. Ya ƙi.

"Ana yanka saniya a gidanmu, in tafi maƙwabta roƙon ƙashi?" in ji shi.

"Kai ɓera ne?" in ji amininsa, tela, yana faɗaɗa masa wuyan riga.

"Ɓerana ya fi ka gata. Yi ɗinkinka."

Ya sami likitar tana wanke hannu. "Ranki ya daɗe, ki ɗauke ni babban ɓera. Ba na cizo."

"Baba, ba a taɓa gwada ta a jikin mutum ba. Don Allah ka koma asibiti."

Ya ce to, ya koma kan kejinsa. Abin da hannunsa ya taɓa ya fi masa abin da kunnensa ya ji. Matarsa ta yi kuka, ta yi fushi. Telan ya rantse ba zai ƙara taɓa masa riga ba, ya kuma taɓa, yana faɗa yana ɗinki.

Ranar da ya yarda ya koma asibiti, hoto ya nuna ciwon ya bazu har huhu. Ko da ƙwayar ta samu, wuri ɗaya take wa magani. Ya fi kowa sanin haka.

Likitar ta je duba shi a gadon asibiti. Da ƙyar murya ke fita, ya ce mata kwalbar kejin lungu tana yoyo, a gaya wa sabon ma'aikaci.

Rigarsa ta ƙarshe tana rataye a shagon telan, da wuyan da ba zai yi wa kowa daidai ba. Allah Ya jiƙansa, mai taurin kai.