Lallen Iya a Gwangwanin Madara

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka yi wa Baba ƙarin girma a wurin aiki, aka ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata, bene, hawa na sama. Muka bar Ƙofar Guga muna ta hura hanci. A daminar nan kuma ruwa ya rushe gidan kakarmu a Batagarawa, dole aka ɗauko ta ta dawo wurinmu. Iya muke ce mata, ni kuma da na ci sunanta takwara take kirana. Ta zo da akwatin ƙarfe da tabarma, da wani babban gwangwanin madara mai tsatsa da ta rungume tun daga mota har sama, ba ta yarda kowa ya karɓa ba. Reshen lalle ne a ciki.

Matar da ta saba da tsakar gida, ga ta a inda ko ƙasar takawa babu. Kafin azumi ya kama, barandarmu ta cika da bokitin fenti da fasasshiyar tukunya da tsohuwar roba. Kowanne sai ta huda gindinsa da ƙusa, ta zuba tsakuwa, sannan ƙasa mai haɗe da yashi da kashin awaki. Ta shuka yakuwa da ɗoɗɗoya da barkono. Ruwan wankin shinkafa da na alwala take ba su, ruwan sabulu kuwa ko kusa. Kowace safiya sai ta juya gwangwanin lallen, wai kada gefe ɗaya ya cinye rana shi kaɗai. A ƙasanmu akwai Maman Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, ita ma tana rainon wata fulawa mai jan ganye a bokiti saboda Kirsimeti. Su biyun suka ƙulla ƙawance a kan taki.

Da an dawo daga asham, sai Iya ta hura gawayi a kasko a barandar, ni da ƙanena Sani mu kewaye ta, mu cusa ƙafafu cikin zanenta saboda sanyi. Tatsuniyarta ba ta da gaggawa. Takan tsaya ta tsinke busasshen ganye, ta ƙara gawayi, mu kuwa muna ta zungurinta.

Abu ɗaya ne ba ya faruwa a gidan: Iya ba ta magana da Baba. Ba faɗa suka yi ba. Ɗanta ne na fari, kuma ita mutuniyar da ce, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo, sai ta ce da ni, "Takwara, ki gaya wa mutanen gidan nan."

Ana saura kwanaki sallah, Baba ya tsaya a ƙofar baranda yana magana da Mama, ba tare da ya rage murya ba. Ya ce sababbin shugabanninsa na farar hula za su zo cin abincin sallah, kuma daga bakin titi ana hango gwangwanayen nan kamar bola. Gobe a fitar da su duka. Iya tana zaune tana jan carbi, ko motsi ba ta yi ba.

Da daren nan ta hura wuta kamar kullum. Baba yana falo yana jin labarai a rediyo, taga a buɗe.

"To, ga wata ta taho da ƙafarta," in ji Iya.

"Ta zauna mu ji ta," muka ce.

Ta ce wai an yi wata mata da ba ta da gona ko taki ɗaya, sai fasasshiyar tukunya. Ta shuka kabewa a ciki. Da ganyen da 'ya'yan ta rayar da ɗanta, in rana ta yi zafi a inuwar yaɗon take kwantar da shi. Yaro ya girma, ya yi arziki, ya gina soro. Ranar da manyan baƙi za su zo, ya dubi tukunyar ya ce a jefa ta bayan katanga. Baƙi suka zauna, an kawo tuwo, sai aka ji murya siririya daga juji tana waƙa. Nan Iya ta sassauta murya ta rera:

"Ni na goye shi yana ɗan tsako,
yau ya yi fiffike, ya ce ina wari."

A daidai nan na lura an kashe rediyo. Na gane inda tatsuniyar ta dosa, na sunkuyar da kai ina addu'ar ta wuce da sauri. Sani kuwa bai san dawan garin ba. Ya yi dariya ya ce da ƙarfi, "Iya, irin Baba ke nan, shi ma ya ce a zubar da naki."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Kunyar Baba nake ji, mutumin da muke gani ya fi kowa, ga shi an tuɓe shi a gaban 'ya'yansa. Muka ji ya tashi, ya sa takalmi, ya sauka ƙasa. Iya ta dubi gawayi.

"Ku tahi ku kwanta," ta ce. "Wutar ta mutu."

Wutar kuwa da sauranta ja wur.

Da gari ya waye, baranda ta zama fayau, sai zoben tsatsa a siminti inda kowane gwangwani ya zauna. Na ɗauka Baba ne ya sa aka kwashe. Maman Rifkatu ce ta hau sama tana tafa hannu, ta gaya wa Mama cewa tun bayan sallar asuba Iya take sauko da su ɗaya bayan ɗaya, tana dafa bango, da azumi a bakinta da ciwon gwiwarta. Ta jera su kusa da jar fulawar ta ce, "Ki riƙe, na ba ki. Na yi abin kunya jiya."

Baba yana tsaye cikin fararen kayan aiki. Mama ta dube shi, ta faɗi abin da mu yara ba mu sani ba: a gindin uwar lallen nan aka binne cibiyarsa, kuma reshen nan ne kaɗai abin da Iya ta tsira da shi daga gidan. Ya ajiye jakarsa ya sauka. Sai ga shi yana hawowa rungume da gwangwanin lallen, jan ruwan tsatsa yana ɗiga a gaban rigarsa, maƙwabta suna leƙe ta taga. Ya koma ya ɗauko sauran, ya hana kowa taimaka masa.

Da ya gama, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, ya dube ni.

"Ki ce wa takwararki ta yi haƙuri."

Iya tana fuskantar bango. Na ga tana share ido da gefen mayafi.

"Ki ce mashi ya ɗora shi bisa bulo," ta ce. "In ruwa bai hita ba, saiwa ruɓewa take yi."

Daren sallah ta tsinki ganyen, ta daka, bai fi cikin cokali ba. Tafin hannuna ɗaya kawai ya isa. Baƙin sun zo, sun ci, sun tafi. Ban ji wanda ya ko ambaci gwangwanayen ba, kuma wannan ya ƙara mini kunya a madadin Baba.

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar na Baba ne shi kaɗai, wato kada mutum ya ji kunyar abin da ya raine shi. Sai da na haifi nawa ɗan farin na fara tunanin matakalar benen nan. Iya ce mai gaskiya, kowa ya sani, amma ta gwammace ta rabu da lallen da ta bar ɗanta da kunya a gaban 'ya'yansa. Ni yanzu ina kiran ɗana da sunansa, ina yi masa faɗa ido da ido, a gaban ƙannensa ma, kuma ban taɓa sauke komai ƙasa don na kunyata shi ba. Ba na jin na fi ta iya magana.

Akwai jikan lallen nan a barandata, a bokitin fenti, bisa bulo. Iya ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ta rasu, amma ba ta sake taɓa ta kabewar ba. Na taɓa tambayarta yadda ta ƙare. Ta ƙara gawayi a kasko, ta ce ta manta.